Konsol ɗin Gentoo ya maƙale a 1024x768, monita kuma 1920x1080 ce

Nura_Tux
Assalamu alaikum jama'a. Kanel 6.6 ne daga gentoo-sources, an gina shi da hannu ta make menuconfig. Injin i5-3470 ne da katin hoton Intel na ciki, yana tashi ta UEFI da GRUB, OpenRC ke kansa, babu X babu Wayland. Monita 1920x1080 ce, an jona ta da wayar VGA. Rubutun konsol, wato allon rubutu zalla, manya-manya ne, kuma a baje suke kamar an ja su gefe da gefe. Umarnin stty size yana ba da 48 128. Na sa GRUB_GFXMODE=1920x1080, na sake gudanar da grub-mkconfig, babu abin da ya motsa. Na gwada fbset -xres 1920 -yres 1080, shi ma shiru. Ina ya kamata in taɓa?

Malam Isyaku
Wa alaikumus salam. Kada ka taɓa komai tukuna. Lambar da ka kawo ta riga ta faɗi rabin magana: harafin kanel na asali faɗinsa ɗigo 8 ne, tsawonsa 16. 128 sau 8 ya ba da 1024, 48 sau 16 ya ba da 768. Ke nan allon a kan 1024x768 yake, monita ce ke buɗa hoton ya cika mata fuska, shi ya sa haruffan suka baje. Abin da ba mu sani ba shi ne wane ne ke riƙe da allon. Turo mana waɗannan yadda suka fito:

cat /proc/cmdline
cat /proc/fb
dmesg | grep -iE 'efifb|simpledrm|fbcon|i915|Console:'
lspci -k | grep -A3 VGA
uname -v

Na ƙarshen don mu ga ranar da aka gina kanel ɗin da ke gudana. Sau da yawa mutum ya gina sabo, ya manta bai ɗora /boot ba kafin make install, sai ya yi ta gyara a kan kanel ɗin da ko tashi ba ya yi.

Nura_Tux
Ranar da uname ya nuna ta yi daidai da ginin ƙarshe. Sauran ga su:

root=/dev/sda3 ro nomodeset vga=791
0 EFI VGA
efifb: mode is 1024x768x32
Console: switching to colour frame buffer device 128x48

A lspci akwai layin Kernel modules: i915, amma babu layin Kernel driver in use.

Malam Isyaku
To ga ɓarawon nan a fili: nomodeset. Wannan kalmar tana hana direbobin KMS, wato masu saita girman allo daga cikin kanel, irin su i915, amdgpu, radeon da nouveau karɓar katin. Saboda haka i915 yana nan a ajiye amma bai kama aiki ba, efifb ne ke zana maka rubutu. Shi kuwa efifb ba ya iya sauya yanayin allo ko kaɗan. Famwayar UEFI ta buɗe wani fili a ƙwaƙwalwar katin kafin kanel ya tashi, ta ce ga adireshi, ga faɗi, ga tsawo, shi ke nan. Iyakar aikin efifb ya zuba ɗigo a wannan filin. Shi ya sa fbset bai yi komai ba, babu wanda zai karɓi umarnin.

vga=791 kuma kayan zamanin BIOS ne, lambar VESA ce ta 1024x768 mai launi bit 16. A kan UEFI ba ta da wani tasiri, daidaituwar lambar da abin da kake gani katari ne kawai. Cire su duka biyu daga GRUB_CMDLINE_LINUX a /etc/default/grub, sannan:

grub-mkconfig -o /boot/grub/grub.cfg

Kafin ka sake kunnawa, tabbatar waɗannan suna cikin .config ɗinka:

CONFIG_VT=y
CONFIG_VT_CONSOLE=y
CONFIG_DRM=y
CONFIG_DRM_I915=y ko m
CONFIG_DRM_FBDEV_EMULATION=y
CONFIG_FRAMEBUFFER_CONSOLE=y

Ka kula da DRM_FBDEV_EMULATION sosai. Idan babu shi, i915 zai kori efifb ya karɓi katin, amma ba zai ba konsol wurin rubutu ba. Allo ya yi baƙi ko ya daskare a kan layin ƙarshe, alhali injin yana aiki lafiya a bayan fage. Mutane da yawa a nan suke firgita su mayar da nomodeset, an gudu ba a tsira ba.

Hajara_K
Ƙari kan maganar Malam game da GRUB. GRUB_GFXMODE girman allon jerin zaɓin GRUB kawai yake saitawa. Abin da ake miƙa wa kanel yana hannun GRUB_GFXPAYLOAD_LINUX, kuma keep na nufin a bar shi yadda GRUB ya same shi. Ko da an sa su biyun, GRUB ba zai iya zaɓar abin da famwaya ba ta bayar ba. In kana kan jerin GRUB danna c, ka rubuta videoinfo, za ka ga dukkan girman da ake da su. Idan 1920x1080 ba ya ciki, GRUB zai koma wani girman a shiru ba tare da ya ce maka uffan ba. Da zarar i915 ya kama aiki kuma, duk wannan saitin ya tashi daga aiki, daƙiƙun farko na tashi kawai yake shafa.

Ni shawarata ka sa i915 ya zama y, wato a cikin kanel ɗin kansa, ba m ba, wato modul da ake lodawa daga baya. Ivy Bridge ba ya neman fayil ɗin famwaya ko ɗaya, sai daga Skylake zuwa sama ne i915 ya fara neman DMC da 'yan'uwansa. In yana cikin kanel, allo zai daidaita tun da wuri, ba sai udev ya tashi ba.

Bashir_ZR
Malama Hajara, a kan wannan injin na yarda, amma kada sabon shiga ya ɗauke ta a matsayin doka. Ranar da aka sa wa injin katin AMD aka bi wannan hanyar, baƙin allo za a gani. Modul da initramfs na dracut, wato ƙaramin kunshin fayilolin da kanel ke buɗewa kafin a ɗora faifai, ya fi sauƙin sarrafawa: dracut zai kwashi direban da famwayarsa tare. Kuma in direba modul ne, kana iya hana shi tashi daga layin GRUB da modprobe.blacklist in abu ya ɓaci.

Hajara_K
Wanda ke cikin kanel ma ana tsayar da shi daga layin GRUB, ai aikin nomodeset ke nan, na sau ɗaya ta danna e, ba na dindindin a fayil ba. Kuma ba kowa ke son initramfs a kan inji mai faifai ɗaya da ext4 ba. Amma maganar AMD gaskiyarka ce.

Nura_Tux
Na cire su, na mayar da i915 y, na sake ginawa. Yanzu /proc/fb yana cewa 0 i915drmfb, lspci ma ya nuna direban yana aiki. Sai dai har yanzu 128x48 ne. Babu bambanci a ido ko kaɗan.

Malam Isyaku
Madalla, an haye mataki ɗaya. Yanzu mai iya sauya girman ya karɓi aiki, saura mu ga abin da monita ta gaya masa. Duba nan:

ls /sys/class/drm/
cat /sys/class/drm/card0-*/status
cat /sys/class/drm/card0-VGA-1/modes
wc -c < /sys/class/drm/card0-VGA-1/edid

Ka yi amfani da wc, kada ka dogara da ls -l a kan fayil ɗin edid, domin kullum sifili yake nunawa ko da akwai abu a ciki. In ba ka ga card0 ba ka ga card1, ba matsala ba ce, yakan faru idan simpledrm ya fara tashi ya ɗauki lambar farko.

Nura_Tux
VGA-1 kaɗai ke connected, sauran disconnected. A modes akwai 1024x768, 800x600 sau biyu, 848x480, da 640x480. wc ya ba da 0.

Malam Isyaku
Wannan jerin duk inda ka gan shi ka san kanel bai karanta EDID ba. Ba monitarka ce ta faɗe shi ba, jerin ko-ta-kwana ne da kanel ke sakawa idan ya ga an jona wani abu amma abin bai gabatar da kansa ba, kuma ba ya wuce 1024x768 don kada ya tura wa tsohuwar monita abin da ya fi ƙarfinta.

EDID ɗan bayani ne na bayit 128, wani lokaci 256, da ke cikin wani ƙaramin guntu a monita. A ciki akwai sunanta, girman da ta fi so, da iyakar saurin da take ɗauka. A wayar VGA, launuka uku suna bi ta fil na 1, 2 da 3, daidaita layi ta 13 da 14, shi kuma EDID yana bi ta fil na 12 da na 15. Siraran wayoyi masu arha sau da yawa filolin suna nan a kai goma sha biyar cif, amma ba a ja zaren 12 da 15 a ciki ba. Hoto zai fito tunda launi da daidaitawa suna tafiya, amma kwamfuta ba ta san da wa take magana ba. Hakan ne ma ya sa UEFI ta tsaya a 1024x768 tun farko, ita ma EDID take nema.

Gwajin minti biyu ne in kana da mitar awon lantarki (multimeter). Zare wayar gaba ɗaya, ka sa mita a kan ƙara, ka taɓa fil na 12 a wannan kai da na 12 a wancan. A kan namijin kai, jeri na uku shi ne 11 zuwa 15, kuma galibi an rubuta ƙananan lambobi a jikin robar kusa da filolin. Haka za ka yi wa 15. In bai yi ƙara ba, waya ce. Ka kuma leƙa ko wani fil ya lanƙwashe ya kwanta a cikin kan, wannan ma yana yawan faruwa. Idan akwai akwatin raba monita tsakanin kwamfutoci biyu ko abin ƙara tsawon waya a tsakani, cire shi ka jona kai tsaye ka sake duba wc.

Nura_Tux
Babu komai a tsakani. Fil na 13 da 14 sun yi ƙara, 12 da 15 shiru. Kafin a samu wata wayar, akwai yadda za a tilasta shi?

Hajara_K
Akwai. Ƙara wannan a layin kanel:

video=VGA-1:1920x1080MR@60

Sunan kafar shi ne abin da ke bayan card0- a /sys/class/drm, harafi da harafi. Sunayen xrandr sukan bambanta, misali HDMI-1 a can HDMI-A-1 ne a nan, kuma in ka yi kuskuren suna kanel ba zai yi ƙorafi ba, zai share ka ne kawai.

M da R ɗin ba ado ba ne. Tunda babu EDID, kanel ne zai ƙirƙiro lokutan siginar da kansa. In ka rubuta 1920x1080@60 zalla, da lissafin GTF zai yi, agogon ɗigo ya kai wajen 172.8 MHz. M yana mayar da shi lissafin CVT, wanda shi ma 173 MHz ne. R ne ke rage giɓin da ake bari tsakanin layuka, abin da monitocin CRT ke buƙata amma LCD ba ta buƙata, sai agogon ya sauko 138.5 MHz. Monitoci da yawa masu 1080 an yi su ne da 148.5 MHz a rai, wasu in ka ba su 173 ta VGA sai su rubuta Out of Range su yi baƙi. Ga kuma siririyar waya, ƙarin sauri ƙarin inuwa ne a gefen haruffa.

Fara gwadawa ta danna e a GRUB, ka ƙara shi a ƙarshen layin da ya fara da linux, ka tashi da Ctrl+x. Sai ya yi aiki za ka rubuta shi a /etc/default/grub.

Bashir_ZR
Ni ban cika son video= ba a irin wannan, domin zato ne kanel ke yi, ba ainihin lokutan da masu monitar suka tsara ba. Kuma ranar da aka sa X ko Wayland, ba su san girman monitar a milimita ba, ba su san sunanta ba. Hanya mai tsafta ita ce a ba kanel EDID na gaskiya a fayil. Ari waya mai kyau na minti biyar, ka jona, ka kwafe:

mkdir -p /lib/firmware/edid
cat /sys/class/drm/card0-VGA-1/edid > /lib/firmware/edid/monita.bin
edid-decode /lib/firmware/edid/monita.bin

A kanel a kunna CONFIG_DRM_LOAD_EDID_FIRMWARE=y, a layin tashi kuma:

drm.edid_firmware=VGA-1:edid/monita.bin

Ta kafar VGA za a kwafa, kada a ɗauko na kafar HDMI ta monita ɗin, domin kowace kafa da nata EDID, kuma na HDMI yana ɗauke da alamar cewa siginar dijital ce. Tarkon da ke nan shi ne i915 ɗinka yanzu y ne, zai nemi fayil ɗin tun kafin a ɗora faifai. Dole ya shiga cikin kanel ɗin kansa:

CONFIG_EXTRA_FIRMWARE="edid/monita.bin"
CONFIG_EXTRA_FIRMWARE_DIR="/lib/firmware"

Mai dracut kuma ya sa install_items+=" /lib/firmware/edid/monita.bin " a wani fayil cikin /etc/dracut.conf.d, da sarari a farko da ƙarshen abin da ke cikin alamar zance. Tsofaffin bayanai za su ce ka rubuta edid/1920x1080.bin kawai ba tare da ka ajiye fayil ba, domin da akwai wasu 'yan EDID na gama-gari a cikin kanel. An cire su a sababbin kanel, kada a gina gida a kansu.

Malam Isyaku
Bashir, wanda ya samu waya mai kyau ta minti biyar ai ya san inda ake samunta, sai ya saya ya huta. Fayil ɗin EDID wurinsa shi ne inda ba a iya canja abin da ke tsakani: majigi da aka binne wayarsa a silin, akwatin raba monita da ba ya wuce da EDID, ko monitar da guntunta ya lalace. Kuma yana da nasa sharrin, in aka canja monita aka manta da layin, kanel zai ci gaba da tura wa sabuwar lokutan tsohuwar. A nan video= ya wadatar har waya ta zo, sannan a goge shi.

Nura_Tux
Da MR ya yi. dmesg yanzu 240x67 yake cewa. Sai dai hoton ya ɗan zame hagu, harafin farko na kowane layi ya ɓuya rabi, kuma wasu wuraren rubutun na rawa.

Hajara_K
240x67 daidai ne: 1920 raba 8, 1080 raba 16 ya ba da 67 da rabi, rabin layin ne ɗan baƙin da ke ƙasa. Zamewar kuma ba ta kanel ba ce. VGA siginar analog ce, monita ce ke laluben inda kowane ɗigo ya fara. Danna maɓallin Auto a jikinta, amma ka fara cika allon da rubutu daga gefe zuwa gefe, misali da dmesg ko top. In allon baƙi ne da ɗan layi ɗaya a sama, ba ta da gefen da za ta auna, sai ta daidaita a karkace. In rawar ta rage bayan haka, shiga saitin monitar ka motsa Phase kaɗan-kaɗan har ta tsaya.

Sa'adatu_M
Tunda ana kan maganar, ga wata mai kama da ita. Laftof mai allo 1366x768, an jona talabijin 1920x1080 ta HDMI. EDID lafiya, talabijin ta nuna tana karɓar 1080, amma rubutun konsol ya taru a kusurwar hagu ta sama, sauran allon baƙi. stty size yana cewa 48 170.

Malam Isyaku
Malama, wannan ba lalacewa ba ce, haka aka tsara shi. Konsol firembofa ɗaya gare shi, wato filin ƙwaƙwalwar da ake zuba ɗigon hoto, kuma duk allunan da ke kunne shi suke nunawa. Kanel yana ba kowane allo girmansa na asali, amma yankin rubutu yana yanke shi daidai da mafi ƙanƙanta don kada wani layi ya ɓace a ƙaramin. 170 sau 8 ya ba da 1360, wato allon laftof ɗin ne ke mulki. In talabijin kaɗai ake so, a kashe na ciki:

video=eDP-1:d

A tsofaffin laftof sunan LVDS-1 ne. Amma kada ki sa shi a layin da ake tashi da shi kullum, domin ranar da babu talabijin babu allo ke nan gaba ɗaya. Ki yi masa zaɓi na biyu a /etc/grub.d/40_custom.

Irin wannan yana faruwa ko babu allo na biyu. Wasu ƙananan kwamfutocin tebur da aka gina da kayan laftof suna nuna LVDS-1 ko eDP-1 a matsayin connected alhali babu komai a wurin, wasu tsofaffin Intel kuma SVIDEO-1. Duk wanda ya ga rubutu a kusurwa da monita ɗaya, ya duba status na kowace kafa, ya kashe ta bogin da :d. Idan kuma gefunan rubutu ne ke shigewa bayan firam ɗin talabijin, wannan daga talabijin ne, a nemi Just Scan a LG ko Screen Fit a Samsung.

Bashir_ZR
Bari in koma kan maganar baƙin allon AMD, tunda tambayar ba ta daɗewa ba ta dawo ba. Alamarta: rubutu yana gudu na daƙiƙa biyu ko uku, sai allo ya mutu ko ya daskare daidai lokacin da amdgpu ya karɓa. Shiga ta ssh ka duba dmesg, za ka ga irin wannan:

Direct firmware load for amdgpu/polaris10_mc.bin failed with error -2

-2 na nufin ba a ga fayil ba. Dalili ɗaya ne cikin uku. Ko ba a sa sys-kernel/linux-firmware ba, wanda sai an amince da lasisin linux-fw-redistributable a package.license. Ko amdgpu y ne kuma fayilolin suna kan faifan da ba a ɗora ba tukuna. Ko kuma an matse famwayar da zstd ko xz ta tutar USE, kanel kuma ba a kunna masa CONFIG_FW_LOADER_COMPRESS da nau'in matsin ba.

Mai son y dole ya jera kowane fayil a CONFIG_EXTRA_FIRMWARE, kuma amdgpu ɗaya bayan ɗaya yake nemansu, yana tsayawa a na farkon da ya rasa. In ka bi ta dmesg kana ƙara ɗaya kana sake gini, za ka kwana a kai. Gina shi m sau ɗaya, ka kunna CONFIG_GENTOO_PRINT_FIRMWARE_INFO da ke cikin gentoo-sources, ka tashi, sai dmesg | grep 'Loading firmware' ya ba ka jerin duka. Su za ka kwafa, kuma waɗanda za a cusa cikin kanel ba a matse ake son su ba.

Hajara_K
Akwai wani baƙin allon da ake ɗora wa direba laifi alhali ba nasa ba ne. Idan CONFIG_SYSFB_SIMPLEFB=y, kanel yana miƙa filin da UEFI ta bari ga simpledrm ko simplefb, efifb ba ya samunsa ko da an kunna shi. In ba a kunna CONFIG_DRM_SIMPLEDRM ko CONFIG_FB_SIMPLE ba, babu mai karɓa, allo baƙi har sai babban direba ya tashi. Mai faifan da aka kulle da LUKS a nan yake shan wahala, ana tambayarsa kalmar sirri a allon da ba ya gani. Zaɓi ɗaya za a yi: ko SYSFB_SIMPLEFB da DRM_SIMPLEDRM duka y, ko a kashe SYSFB_SIMPLEFB a bar FB_EFI. Simpledrm a matsayin m ba tare da initramfs ba daidai yake da babu.

Daga 6.6 kuma akwai CONFIG_FB_DEVICE. In an kashe shi konsol zai yi aiki, amma babu /dev/fb0, don haka fbset zai ce bai ga na'ura ba. Kada wannan ya ruɗi kowa.

Auwal_Dev
NVIDIA fa, da direbansu na x11-drivers/nvidia-drivers? X lafiya, amma Ctrl+Alt+F2 yana ba da manyan haruffa.

Bashir_ZR
Da daɗewa direban NVIDIA bai ba konsol firembofa ba, shi ya sa ake zama a kan abin da UEFI ta bari, kuma a nan ne kaɗai GRUB_GFXMODE da GRUB_GFXPAYLOAD_LINUX=keep ke yanke hukunci har ƙarshe. Daga jerin 545 sun ƙara zaɓin fbdev. A /etc/modprobe.d/nvidia.conf:

options nvidia-drm modeset=1 fbdev=1

In modul ɗin yana cikin initramfs, sake gina initramfs ɗin, in ba haka ba tsohon saitin zai ci gaba da aiki. A kanel kuma CONFIG_FB_NVIDIA da CONFIG_FB_RIVA su kasance a kashe, nouveau ma ko a kashe ko a hana shi tashi. Tabbatar da cat /sys/module/nvidia_drm/parameters/fbdev a matsayin root, Y ake nema.

Nura_Tux
Auto ya gyara zamewar, Allah ya saka da alheri. Yanzu kuma rubutun ya yi ƙanana, sai an matso. In koma 1280x720 ne?

Malam Isyaku
A'a, kada ka rage girman allo don rubutu, za ka koma wa dishi-dishin da ka gudo daga gare shi. LCD a girmanta na asali kaɗai take da kaifi. Haruffan za ka ƙara wa girma. Gwajin nan take shi ne setfont -d, yana ɗora haruffan asali a ninke. Na dindindin:

emerge media-fonts/terminus-font
setfont ter-v24n

Wannan 12x24 ne, zai ba ka 160x45 a kan 1080, kuma a ganina nan ne daidai. ter-v32n 16x32 ne, 120x33, ya fi dacewa da allon 4K inda yake ba da 240x67. Wanda ya yi maka, rubuta shi a /etc/conf.d/consolefont a matsayin consolefont="ter-v24n", sannan rc-update add consolefont boot. Mai systemd FONT= zai sa a /etc/vconsole.conf, mai LFS da rubutun tashi na SysV kuma /etc/sysconfig/console. Mai son manyan haruffa tun daga layin farko na kanel ya kunna CONFIG_FONTS da CONFIG_FONT_TER16x32, ya ƙara fbcon=font:TER16x32.

In aka ga haruffan sun canja sannan suka koma ƙanana ana tsakiyar tashi, direban hoto ne ya tashi a makare bayan an riga an saita su. Naka tunda y ne ba zai yi haka ba.

Sa'adatu_M
Malam, haruffanmu masu ƙugiya fa? A nano cikin konsol, ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa kamar ɗan akwati, alhali locale ɗin UTF-8 ne kuma fayil ɗin lafiya yake.

Malam Isyaku
Fayil ɗin lafiya yake, zanen harafin ne babu. Haruffan da ke cikin kanel guda 256 ne na tsohon jerin CP437, babu masu ƙugiya a ciki. Fayil ɗin PSF da setfont ke lodawa kuma ba ya wuce 512, kuma in ya kai 512 ana rasa launuka masu haske, daga 16 a koma 8. Saboda wannan ƙuncin kowane fayil da yarukan da ya zaɓa, don haka ki bincika kafin ki saita:

zcat /usr/share/consolefonts/SUNA.psf.gz > /tmp/f.psf
psfgettable /tmp/f.psf - | grep -iE '0253|0257|0199|01b4'

Lambobin su ne ɓ, ɗ, ƙ da ƴ bi da bi. Manyansu 0181, 018a, 0198 da 01b3. Wasu fayilolin ƙarshensu .psfu.gz ne, ki duba da ls. In grep bai fito da komai ba, wannan fayil ɗin ba zai nuna su ba ko me aka saita.

Hajara_K
In ba a samu ba, hanya biyu ce. Ta farko a bar konsol ɗin kanel a hau kmscon ko fbterm, su suna zana haruffan TrueType ne, iyakar 512 ba ta shafe su ba. fc-list ':charset=199' zai jero miki waɗanda ke da ƙ, ki zaɓi mai faɗi ɗaya a cikinsu. fbterm yana buƙatar /dev/fb0, wato CONFIG_FB_DEVICE a kunne, kuma mai amfani ya kasance cikin rukunin video. Ta biyu ta masu gaggawa ce: fitar da teburin da psfgettable zuwa fayil, a layin k ki ƙara U+0199 a gefen U+006b, haka d da b da y, ki mayar da psfaddtable. Ƙugiyar ba za ta fito ba, ƙ zai bayyana kamar k, amma akwatin ya tafi kuma abin da ke cikin fayil bai canja ba. Don karanta saƙo ya isa. Don gyaran rubutu kuwa bai dace ba, tunda ba za ki bambance ƙafa da kafa a allon ba.

Nura_Tux
Sabuwar waya ta zo. wc ya ba da 128, 1920x1080 ne a saman modes, jerin GRUB ma ya fito da cikakken girma. Na goge video= ɗin, na bar ter-v24n, stty size yanzu 45 160.

Hajara_K
Sake danna Auto, lokutan siginar sun canja daga na CVT zuwa na monitar, saitin da ta ajiye ɗazu ba na wannan ba ne.